Sakaina a Cikin Duwatsu

An yi wani mutum a wani gari can baya, garin da ba zan kama sunansa ba, don jikokin mutanen suna nan da ransu, wasu ma kuna ciniki da su. Mutumin sunansa Nomau, sana'arsa gyartai. Yaran yanzu ba su san gyartai ba tunda roba ta cika gari: shi ne mai ɗinke ƙwarya idan ta tsage. Basilla guda, zaren kaba, da jakar fata cike da sakaina, dukiyarsa ke nan. Bawan Allah ne da ba a neman shawararsa. In ana rabon nama shi ake miƙa wa na ƙarshe, ya karɓa ya ce an gode. Ba malami ba ne, ba jarumi ba ne. Ku riƙe wannan da kyau: matsoraci ne ma. Kare in ya yi masa haushi sai ya sake hanya.

A shekarun an yi fari, yunwa ta biyo baya ta share dabbobin garin. Wanda bai yanka ba ya sayar, wanda bai sayar ba ta mutu masa a turke. Da abin ya lafa sai ga wata ƙungiyar agaji daga ƙasashen waje. Su ba buhu suke jefowa daga mota su wuce ba. Tsarinsu daban ne, kuma ku saurara, don duk labarin a kan tsarin nan ya rataya. Za su ba rabin gidajen garin akuya guda-guda. Idan taka ta haifi mace, ka yaye ta, ka ja ta da kanka zuwa gidan da bai samu ba, ka sa igiyar a hannun mai gidan. Hannu da hannu, ban da aike. Bayan nan kuma ka riƙa leƙawa kana duba ta har ita ma ta haihu, shi ma ya kai gaba. Turawan da suka tara kuɗin sau ɗaya aka gan su, suka zauna a tabarma ƙafa na yi musu ciwo, suka tafi. Mai zuwa kullum ita ce ma'aikaciyarsu, Malama Laraba, 'yar ƙasa, kuma ba ta yanke komai ita kaɗai. Maganarta guda ce: garinku ne, ku za ku faɗa.

Ranar farko ta tara jama'a a inuwar wani gawo. Ta ce a zana garin a ƙasa da tsinke: ga masallaci, ga rijiya, ga kwarin da ya bi ta gabas. Ta ce kowane magidanci ya ɗauko dutse daga ƙofar gidansa, ya yi masa alama, ya ajiye inda gidansa yake. Wani ya shafa shuni, wani gawayi, wani jar ƙasa. Gari ya fito tsaf a kan rairayi.

Malama ta zagaya zanen ta ce, "An manta da wani?"

Aka ce ba a manta ba.

"Da za mu shigo na hangi wata bukka a hayin kwari. Ta wane ne?"

Maiwada, wanda aka zaɓa shugaban kwamiti, mutum mai jiki da murya, ya ce, "Kango ne, Malama. Jemagu ne a ciki."

Ta dubi fuskoki, kowa ya dubi ƙasa. Nomau yana gefe yana ɗinkin wata ƙwarya, don shi ko a taro ba ya zama hannu sake. Ta ce, "Baba mai ƙwarya, kango ne?"

Basilla ta tsaya a hannunsa. Ya ji idanun gari duka a ƙeyarsa. Ya so ya ce i. Wallahi ya so. Amma bakinsa bai saba ba. Ya ce, "Da mutum a ciki."

To bari in gaya muku wane ne a ciki. Tsohuwa ce, sunanta Kuluwa. A tsakiyar garin aka haife ta, a nan ta yi aure. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ita ko ciwon kai ba ta yi. Mata suka fara magana a bakin rijiya. Sai 'yar Maiwada, ƙaramar yarinya, ta kwanta da zazzaɓi, cikin sambatu ta kira sunan Kuluwa. Shi ke nan. Aka ce mayya ce, ta kama kurwar yarinya. Aka jawo ta a bainar jama'a aka sa ta tsallake yarinyar don ta saki kurwar. Ta tsallake. Yarinyar ta mutu duk da haka. Aka kwashi tsummokaranta aka jefa hayin kwari, kuma tun daga ranar ba wanda ya ƙara kama sunanta. Sai dai a ce "ta hayi."

Sannan akwai ƙarar. Da tsakar rana, lokacin da inuwar mutum ke shigewa ƙarƙashin ƙafarsa, tsuntsu ya yi shiru, sai a jiyo ta daga hayi. Ƙwas. Shiru. Ƙwas. Ba daka ba ne, daka yana da sauri. Ba faskare ba ne. Wasu suka ce ƙasusuwan waɗanda ta ci take fasawa. Uwa in ta ji sai ta ja ɗanta ɗaki ta toshe masa kunne.

Malama ba ta san wannan ba. Ta ce, "To a sa mata dutse." Wa zai haye ya ɗauko dutse a ƙofar Kuluwa? Aka tsaya kallon-kallo. Nomau ya ga shi ya jawo maganar, sai ya zura hannu a jaka ya ciro sakaina ya ajiye a hayin zanen.

Ranar rabo aka tattara duwatsun gidajen da za su jira, aka zuba a babbar ƙwarya aka rufe da zane. Duk wanda ya karɓi akuya sai ya zura hannu ya zaro ɗaya ba tare da ya gani ba. Gidan da ya fito, shi ne amanarsa. Malama tana ganin ta toshe son kai. Abin da ba ta lura da shi ba, yatsu ma suna gani. Dutse daban, sakaina daban. Mutum zai zura hannu, ka ga fuskarsa ta canja, ya yi maza ya ture abin gefe ya damƙo dutse. Haka aka yi ta yi, manya kafin ƙanana. Wa ke zuwa ƙarshe a kowane layi? Nomau. Da ya zura hannu, ƙwarya fayau, sai sakainarsa.

Maiwada ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Kai ka sa, kai ka ɗauka. An yi adalci."

Malama ta tambaye shi yadda ta tambayi kowa: "Baba, ka ɗauka?"

Ya ce, "Na ɗauka."

Matarsa Tabawa mai wabi ce. Ta haifa ta binne, ta sake haifa ta binne. Da ya shigo da akuya da sakaina, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Malam, duk garin nan bakinka ne kaɗai ke ƙaiƙayi? Liman yana wurin bai yi magana ba, mai unguwa bai yi ba, sai mai ɗinkin ƙwarya?"

Ya ce, "Ni aka tambaya, Tabawa."

"Da sai ka yi tari!"

Kwana ya yi ta tafiya. Akuya ta haifi 'yar ja mai farin goshi. Tabawa kuma ciki ya fito. Damina ta sauka ta yanke hanyar mota, Malama ta aiko cewa kwamiti ya ci gaba da aiki, sai kaka za ta zo. Mutane suka fara kai amanarsu gida-gida, ana guɗa ana dariya. 'Yar ja ta isa yaye, ta wuce yaye, tana nan a turken Nomau. Yau ya ce hadari, gobe ya ce ƙafarsa.

Sai Maiwada ya same shi a zaure. "Gyartai, ajiye basillar mu yi maganar manya. Malama ba ta nan. Ka kai wa ƙanena 'yar akuyar, mu ce ta hayi ta ƙi karɓa. Kwamiti duk mun yarda. In kuwa zuciyarka ba ta so, ɗaure ta a ƙayar bakin kwari ka rugo. In kura ta ci, ta ci."

"An ce hannu da hannu."

"Wa ya ce? Bature? Yana can ƙasarsu yana shan shayi, ko sunanka bai sani ba."

"Ni na ce na ɗauka."

Maiwada ya rage murya. "Abu mai rai in ya fita daga hannunka ya shiga hannun mayya, ka ba ta ƙofar gidanka. Matarka tana da ciki. Ni 'yata na binne, gyartai, ba labari aka ba ni ba." Idonsa ya kawo ruwa, kuma ba na ƙarya ba ne. Ya miƙe ya ce, "In ka haye kwarin nan, kada ka dawo ka sa hannu a akushinmu."

Tabawa tana bayan zana ta ji komai. Ta riƙe masa gefen riga. "Don girman Allah, Malam, ka bari in sauka."

Maganarta ta fi ta Maiwada nauyi, ya kuwa ji ta har ƙashinsa. Amma ya san kansa. Bayan haihuwa zai ce sai bayan suna, bayan suna sai bayan arba'in. Kuma duk sanda ya zura hannu a jaka neman zare, sakainar nan yake fara taɓawa.

Wata safiya ya kwance 'yar ja. Na gaya muku matsoraci ne. Ya kai bakin kwari ya dawo, wai ya manta hula. Ya sake kaiwa ya dawo, wai ƙishirwa. Yana wannan kai-kawo har rana ta take tsaka, lokacin da yake gudu shi ya same shi. Yana cikin kwari, ruwa iya idon sawu, sai ya ji. Ƙwas.

'Yar akuya ta turje. Ya ɗauke ta a kafaɗa. Hanyar hayi ciyawa ta cinye ta har ƙugu, don ba mai bi. Babu iska, babu kukan tsuntsu, sai numfashinsa da na dabbar. Ƙwas. Ga dangar kara ta kwanta, ga bukka rabinta ya zube, ga murhu da toka mai ɗumi. Ba kowa. Ya buɗe baki, sallamar ta fito kamar ta ɗan tsako.

Ƙarar ta tsaya.

Ya zagaya bayan bukka, can inda ƙarar take fitowa. Fili ne, sai tarin jar ƙasa. Yana kallo, hannu ya fito daga cikin ƙasa. Hannu busasshe, ja da turɓaya, ya dafa. Ɗayan ya fito ya dafa. Sannan farin kai ya taso a hankali.

Jama'a, da ƙafafunsa sun yarda da ya gudu. Ba su yarda ba.

Tsohuwa ta fito daga rami da rarrafe, ta zauna a bakinsa tana haki. Ta daɗe tana motsa baki kafin murya ta zo, kamar ƙofar da aka shekara ba a buɗe ba. Ta ce, "Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Inna."

"To wa zan tsallake?"

"Ba kowa. Akuya na kawo miki."

Ya yi mata bayani, yana yi harshe na sarƙewa: ƙungiya, duwatsu, ƙwarya, sakaina. Tana saurare tana kallon 'yar ja. Shi kuwa idonsa na kan ramin. Dogo ne, ba faɗi. A ciki ga guntun dagi da tsohuwar tasa ta kwasar ƙasa. Ya san wannan tsawon. Kowane namiji a nan ya san shi.

"Inna, ramin mene ne?"

"Nawa ne. Wa zai haƙa mini a cikinku?" Ta faɗa kamar mai maganar gyaran danga. "Marmara ce a ƙasan, dagin ya dakushe, ni ma haka. Gaɓoɓina ba sa sakewa sai rana ta yi zafi, shi ya sa nake yi yanzu. So nake in gama tun ina iyawa. In na ji abin ya zo sai in shiga in kwanta. Mai rufewa ne ban samu ba, amma ruwan sama zai rufe." Ta share fuska da bayan hannu. "Ɗan nan, kai namiji ne, kana zuwa makabarta. Duba mini, in na kwanta fuskata za ta kalli alƙibla daidai?"

Nomau ya duba gabas, ya duba ramin. Ya ce, "Daidai ne, Inna." Daga nan bai ƙara ganin komai sosai ba, don hawaye.

Ya miƙa mata igiya. Ta ɓoye hannunta a zane. "Ɗaure ta a can ka tafi. Kada su haɗa da kai. Ba wanda zai sani."

Kun ji? Maiwada ya ba shi hanya, matarsa ta ba shi hanya, yanzu ita kanta mai haƙƙin ta ba shi hanya. Ya durƙusa ya kamo hannun, ya buɗe yatsun, ya sa igiyar a ciki ya rufe. Hannun yana da sanyin ƙasa da kaushi irin na masu noma. Hannun mutum ne.

Ta dubi dabbar ta ce, "Ni da nake shirin tafiya, ka kawo mini mai tashina da asuba?"

Tun daga ranar ba a ƙara jin ƙarar ba. Mai akuya ba ta da lokacin haƙa kabari: ga ciyawa, ga ruwa, ga gyaran turke. Kuna tsammani gari ya huta? Tsoro ƙaruwa ya yi. Aka ce ta yi shiru ne don ta samu abin da take nema.

Maiwada ya cika alkawarinsa. Nomau in ya zauna cin abinci a ƙofar gida, sai kowa ya tuna yana da wani aiki. A masallaci a bar masa gurbi dama da hagu, wanda mutum zai iya kwanciya a ciki. Mata suka gwammace su yar da ƙwarya da su kawo masa. Shi kuwa yana hayewa duba 'yar ja yadda tsari ya ce, kuma duk hayewa sai gabansa ya faɗi kamar ranar farko.

Tabawa ta haihu, namiji. Na ga kun gyara zama, kuna jira in ce yaron ya rayu. Bai rayu ba. Bai kai suna ba. Ni ba zan gyara labari don ku ji daɗi ba.

Masu ta'aziyya a ƙofa suka tsaya. Maiwada ya ce, "Na gaya maka, gyartai."

Nomau ya ce, "Na farko da na biyu fa, wa ya ci su? Lokacin ko hanyar gidanta ban sani ba."

Ya faɗa da baki, amma kada ku ɗauka zuciyarsa dutse ce. Ya zauna a bakin kwari yana tambayar kansa ko shi ya kashe ɗansa. Matarsa ta daina yi masa magana, tuwo kawai take turo masa. Da ranar duba akuya ta zo, ya tashi ya haye. Ba don ya daina shakka ba. Don ya ce ya ɗauka.

Da Tabawa ta fara fita, ta je rijiya. Tana isa hira ta mutu. Wata ta jawo ɗanta ta tura bayanta. Tana jan guga ta ji ana raɗa: "Uku ke nan fa. Ita kuwa ko ciwon kai ba ta yi."

Ta saki guga. Ba ta koma gida ba. Ta bi ta gabas, ta shiga kwari, ta haye, ita da ta riƙe rigar mijinta kada ya je. Kuluwa tana ba akuya harawa, ta ɗago ta ga mace tsaye, idanu jajur, gaban riga jiƙe da nono. Ba ta tambayi ko wace ce ba. Ta ce, "A rijiya suka fara?"

Tabawa ta gyaɗa kai.

"Ni ma a can aka fara. Zo ki zauna, 'yata."

Nomau ya same su da yamma, kan matarsa a cinyar tsohuwa, tsohuwa tana tsefe mata kitso.

Da kaka Malama ta dawo, ta ji abin da ya faru, ta haye da kanta ta gaishe da Kuluwa. Ta yi wa kwamiti magana, suka ce to, ba su canja ba, ita kuma tsarinsu bai ba ta ikon tilasta kowa ba. Aka hana 'yar ja shiga garken gari, aka hana ta bunsurun gari. Nomau ya je rugar wasu Fulani masu wucewa ya ɗinke wa matansu ƙore, suka sallame shi da ɗan bunsuru, ya kai hayi. Awakin Kuluwa suka yi ta kiwo su kaɗai a can, suna hayayyafa, ba mai kusantarsu.

Sai annoba ta shigo garken gari. Majina, zawo, akuya ta kwanta ba ta tashi. Tunda tare suke kiwo, tare suke shan ruwa, tare suka tafi. Har ta Nomau, don ciwo bai tambayi wa ke da gaskiya ba. Gari ya wayi gari babu kukan akuya ko ɗaya. Shirun ya yi yawa har ana jin tsoronsa. Da rana ta take, sai aka jiyo wani abu daga hayi. Ba ƙwas ba. Kukan awaki.

Malama ta sake tara su a inuwar gawo. Ta ce wa'adin ƙungiya a yankin ya zo ƙarshe, babu sabon zubi. "Ni ba ni da akuya. Abin da ya rage na tsarin nan yana hayi, kuma akwai 'yar da ta isa bayarwa. Mai akuya ita ke zaro dutse. Ku kuka yarda da haka, ba ni na ƙaga muku yau ba."

Aka sake tara duwatsu, wannan karon na gari duka. Ƙafar Kuluwa ba ta kaiwa gari, dole ƙwarya ta je mata, kuma shugaban kwamiti ke ɗaukar ƙwarya. Maiwada ya ɗauka. Maza suka bi shi a baya, kowa na karanta abin da ya iya, gyartai matsoraci yana gaba yana nuna hanya.

Suka same ta zaune a bayan bukka cikin awakinta, Tabawa na gefenta. Suka ga ramin. Ciyawa ta fito a cikinsa, amma tsawonsa bai ɓuya ba. Nomau ya sauka ciki, ya ɗauki guntun dagin, ya buga a marmara sau ɗaya.

Ƙwas.

Manyan maza suka zabura. Wani ya yi salati da ƙarfi. Shekara da shekaru suna toshe wa 'ya'yansu kunne, ashe tsohuwa ce ke haƙa kabarinta, don ta san ba za su haƙa mata ba.

Kuluwa ta zura hannu ƙarƙashin zane ta zaro dutse. Mai shuni ne. Kowa ya san na Maiwada ne. Maiwada ya dubi ƙwaryar da ke hannunsa. Ya ajiye. Sannan ya yi tambayar da ya kamata ya yi tun ranar da 'yarsa ta kwanta.

"Me ya sa ta kira sunanki?"

"Kullum da la'asar tana zuwa in ba ta ƙanzo, in cire mata ƙaya a ƙafa. Yaro in jikinsa ya yi zafi wa zai kira?"

Ta miƙa igiya. Hannun bai sauka ba. Maiwada ya durƙusa, mutum mai jiki irin wannan, ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Inna Kuluwa." Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan, kuma shi ne karo na farko da aka kira sunan tun ranar da aka kore ta.

Ta ce, "Ka share mini wurin zama a gidanka. An ce sai na riƙa leƙowa ina duba ta."

A kan jaki ake kawo ta duba akuya, daga baya aka daina mayar da ita. Duk awakin garin nan daga turkenta suka sake tashi. Da ajalinta ya zo, a ɗakin Tabawa ya same ta. Tabawa ta yi mata wanka, gari ya yi mata salla, Maiwada yana cikin masu ɗaukar makara, aka kai ta makabarta kusa da 'ya'yanta. Washegari Nomau ya haye shi kaɗai ya cike ramin. Bai yi arziki ba, kada ku tambaya. Yana gyartai ya mutu. Amma ranar da ya mutu ba a bar gurbi a sahu ba.

To ku saurara, ga abin da nake so ku tafi da shi. Amana ba a cika ta ranar da take da sauƙi. Ana cika ta ne ranar da mai sa ido ba ya nan, manya sun ba ka hanya, iyalinka suna kuka, kai kanka gabanka na faɗuwa. Kuma gaskiya ba sai jarumi ba. Kalma huɗu mutumin nan ya faɗa, da mutum a ciki, sannan ya bi bayansu da ƙafarsa.

Baƙin nan ba su fi mu ba. Akuya suka kawo, da tambaya guda: an manta da wani? Igiyar a hannunmu take. Abin kunya ne a ce sai wani ya taso daga wata uwa duniya ya tambaye mu maƙwabcinmu. Yau ma suna zuwa, ana kafa kwamiti, wasunku kuna ciki, ina ganinku. In aka zauna rabo, dutsen ɗan'uwa da na suruki kuke lalube, sakaina ku ture gefe. Kowace unguwa tana da hayinta. Akwai matar da kuka yi wa suna a bakin famfo ba hujja. Akwai tsohon da kuka ce ba shi da hankali don kada ku gaishe shi. Akwai mai ciwon da kuka daina cin abinci da shi. Kai da kake sunkuyar da kai, ka san gidan da nake nufi, ba sai na faɗa ba.

Gobe in rana ta take, kashe rediyon, ka fito ƙofar gida ka tsaya. Ka yi shiru ka saurara. In ka jiyo wani abu daga bayan katangar da ka daɗe ba ka shiga ba, kada ka toshe wa ɗanka kunne. Ka sa takalmi ka je ka yi sallama, tun mai haƙan bai gama ba.

Allah Ya sa ranar da za a ɗauke mu a samu masu ɗauka, Ya kuma hana wani ya haƙa nasa da hannunsa muna maƙwabtaka da shi.